Zurfin Kogin Isa a Gaban Alƙalai: Nazarin Hukuncin Tsibirin Lete

Ranar 12 ga watan Yuli na shekarar 2005 ne wasu alƙalai biyar na Kotun Duniya da ke La Haye suka yanke hukunci a kan iyakar Nijar da Benin. Abin da akasarin jama'a suka riƙe shi ne Lete ta zama ta Nijar. Takardar hukuncin kanta kuwa, kaɗan ne suka buɗe ta, alhali rubutu ne da ya cancanci karatun tsanaki, domin a cikinsa ake ganin irin shaidar da shari'a take saurare idan kogi ne abin jayayya.

Benin ta kafa hujjarta a kan wasiƙar da Raynier, muƙaddashin gwamnan Nijar, ya rubuta ranar 27 ga Agustan 1954, wadda ta ajiye iyaka a gaɓar hagu. Da an bi wannan, da ruwan da tsibiransa duk sun koma na Benin. Nijar ta ce iyaka tana bin wuri mafi zurfi na babbar hanyar jirage, ta kuma kawo wasiƙar Sadoux, kwamandan Gaya, ta 3 ga Yulin 1914. Alƙalai suka ga babu wata doka ta mulkin mallaka da ta tsaga iyakar a fili, kuma gwamna ɗaya ba shi da ikon sauya ta shi kaɗai. Saboda haka suka dubi yadda aka gudanar da mulki a aikace, suka tarar daga 1914 zuwa 1954 babbar hanyar jirage ce hukumomin gaɓoɓin biyu suke ɗauka a matsayin iyaka, Gaya ce kuma take kula da Lete.

A nan ne hukuncin ya fi ɗaukar hankali, don sai da aka gano inda wannan hanya take a watan Agustan 1960, lokacin da ƙasashen biyu suka sami ƴancin kai. Ruwa ba ya ajiye sawu. Dole aka koma ga waɗanda suka bi kogin suna auna shi. Na farkonsu Hourst ne, hafsan sojan ruwan Faransa, wanda ya taso daga wajejen Tumbutu a 1896 da jirage uku, ya yi watanni kusa da Say, ya ratsa duwatsun Busa har ya kai teku, ya kuma buga labarin tafiyarsa a 1898. Bayansa akwai binciken Beneyton tsakanin 1926 da 1932, sannan na kamfanin NEDECO na ƙasar Holan, wanda rahotonsa ya fito a 1970. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya shiga ruwa da niyyar shata iyaka. Hourst so yake ya san ko jirgi zai iya wucewa, a daidai lokacin da Faransa da Ingila suke rige-rigen mallakar kogin. NEDECO kuma batun sufuri ne ya kawo shi.

Ƙarfin hukuncin yana cikin yadda ya jera waɗannan awo kusa da juna. Da aka gwama su, sai ta bayyana cewa kwarin kogin bai sauya sosai ba cikin shekarun, wanda ya ba alƙalai damar dogara da rahoton 1970 a matsayin mafi kusa da 1960. Daga nan suka zana layi mai ɗigo 154, daga mahaɗar Mekru zuwa iyakar Najeriya, suka raba tsibirai 25: Nijar 16, Benin 9. Aiki ne mai tsabta, kuma duk wanda ya tuna jinin da aka zubar a Lete a 1960, da korar ƴan Dahome daga Nijar a ƙarshen 1963, ba zai raina shi ba.

Sai dai mai karatu zai lura cewa daga saman jirgi kawai aka kalli kogin. Zurfi shi ne abin da matuƙin babban jirgi yake nema. Bafillacen da yake ƙetarawa da shanu zuwa Lete da rani mashigi yake nema, wato inda ruwa ya fi ƙanƙanta. Basarke kuma ya san ramukan kifi da sunayensu. Waɗannan mutane, da Dendawan da suke noma a gaɓoɓin biyu, sun fi fitowa a shari'ar a matsayin masu biyan haraji ko masu rigimar da kwamanda ya sasanta. Hatta awon Hourst, ba a yi shi ba sai da hannun ma'aikatan jirgi ƴan Afirka, amma sunan hafsa ne yake kan taswira.

Ba daidai ba ne a ɗora wa alƙalan wannan laifi su kaɗai. Yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka sa wa hannu a Kwatano a 2001 ita ce ta nemi a yi hukunci bisa iyakokin da aka gada daga Turawa, kuma wanda aka tambaya abin da Faransa ta bari, takardun Faransa zai buɗe. Ko alƙali Bennouna, wanda Benin ta zaɓa kuma ya ƙi amincewa da rabon kogin, a kan fassarar waɗannan takardu ya yi saɓani da sauran huɗun.

Wuri ɗaya ne hukuncin ya waiwayi mazauna tsibiran kai tsaye, cikin ƴan kalmomi, inda ya ce rabon da aka yi bai shafi haƙƙin mallaka na ɗaiɗaikun mutane ba. Ma'ana, manomin Karimama da yake da gona a tsibirin da ya faɗa wa Nijar bai rasa ta ba saboda hukuncin. Yadda zai tabbatar da gonar tasa ce, da kuma gaban wace hukuma, wannan an bar wa ƙasashen biyu.