Sharhi A Kan Hanyar Auna Launin Giyar Inabi Da Aronta Wajen Nazarin Zoɓo Da Karan Dafi A Ƙasar Daura

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu yi sharhi a kan wata hanyar auna launi da masana sinadarai suka saba da ita, mu ga ko ta dace da kayanmu na gida. Ambaton giyar inabi da za mu yi ba don shanta ba ne, domin haramcinta sananne ne. Dalili shi ne, a kanta aka fi zurfafa bincike game da yadda jan launi yake tsufa.

2.0 Darasin Tsohuwar Giya

Jan launin sabuwar giya yana fitowa ne daga sinadarin antosayanin da ke cikin ɓawon inabi. A 1971, T. C. Somers na Ostareliya ya nuna cewa idan giya ta daɗe a ajiye, wannan sinadari yakan sarƙe da tanin, wato dangin abin da majema suke samu a bagaruwa. Sannu a hankali sarƙaƙƙen launin yakan rinjayi na asali, har giyar ta koma launin jar ƙasa.

3.0 Rauni A Hanyar Awo

Hanyar da aka saba, wadda Fuleki da Francis suka bayyana a 1968, ita ce a auna ruwa sau biyu, a tsami mai ƙarfi da kuma a tsami sassauƙa. A matakin farko antosayanin yakan yi ja, a na biyu ya kusa ɓacewa, bambancin kuwa shi ake lissafawa. To, sarƙaƙƙen launi ba ya ɓacewa, saboda haka ba ya shiga lissafi.

Ga zoɓo sabon tsinka, hanyar ta yi daidai, domin launinsa antosayanin ne tsantsa. Amma zoɓon da ɗan kasuwa ya saya a Mai'aduwa yakan yi watanni a buhu kafin ya isa Meziko, kuma kyawun launinsa ake saye. Awo ɗaya a lokacin kaka ba zai gaya mana abin da zafin bazara ya yi masa ba.

Matsalar ta fi tsanani ga karan dafi, wanda dukawa suke rina jar fata da shi, irin wadda muke gani a kayan doki ranar Hawan Magajiya. Babban sinadarinsa, afijeninidin, ba ya dusashewa sosai idan tsami ya sassauta. Ke nan wannan hanya za ta nuna launi kaɗan a inda yake da yawa. Baduku ya san da kanwa ko toka ake fito da jansa, alhali awon duk a cikin tsami yake.

4.0 Kammalawa

Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Shawararmu ita ce a riƙa bin zoɓo da awo wata-wata tun daga gona, a kuma keɓe wa karan dafi nasa ma'auni, tare da kwatanta sabuwar fata da tsofaffin sirada da ke gidajen sarautar Daura. Abin da ya cancanci mu aro daga masu nazarin giya shi ne haƙurin bin launi har ya tsufa.