Muɗala'a ce ta dawo cikin sabuwar riga

A shekarar 2007, malaman kimiyya biyu na wata sakandare a Woodland Park ta ƙasar Amurka, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, da suka ga darasi na yawan wuce ɗalibansu, sai suka shiga ɗaukar bayaninsu a bidiyo domin yaro ya kalla a gida, in ya zo aji kuwa a zauna kan aiki da tambaya. Wannan shi ake kira juya aji.

Ni dai da na ji bayaninsa, zauren malaminmu na tuna, nan cikin birnin Daura kusa da Kusugu, inda mai karatun Ishmawi ko Risala ba ya kuskura ya durƙusa gaban malam sai ya yi muɗala'a, wato ya duba babin tun da dare, ya gane inda i'irabi ya kuɓuce masa, ta yadda idan yana jan baƙi da safe malam na fassarawa, ba a tsayawa sai inda mas'ala ta yi tsauri. Wanda ya zo bai duba ba, tun a layin farko harshensa ke tona shi. Malam kuwa, Allah Ya jiƙansa, ɗaga kai kawai yake yi ya dube shi.

Saboda haka ba na musun asalin abin. Abin da nake inkari shi ne a rataya shi a wuyan waya, alhali sharaɗin muɗala'a shi ne lokaci da fitila da natsuwa. Domin yarinyar da ta tashi daga boko ta wuce Islamiyya ta dawo ta ɗauki farantin talla, da yaron Baure ko Sandamu da damina ta riƙe shi a gona har magariba, a gidan da waya ɗaya ce tana aljihun uba, idan aka ce musu darasi na cikin bidiyo, an hana su shi ke nan, an kuma kunyata su gaban ɗan mai hali. Malamin da ke son jarraba wannan hanya, shafi guda da tambayoyi uku a allo kafin tashi sun ishe shi, muddin kashegari zai taƙaita jawabinsa ya zaga yana duba littafin kowa, ko da yake a ajin da yara suka cika har bakin ƙofa wurin sa ƙafa ma sai an nema.