Ina Mahaƙin Ma'adini? Sharhi Kan Wasannin Talabijin Game da Ƙera Bom na Atom

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce duba yadda wasannin kwaikwayo na talabijin suka kawo tarihin ƙera bom na atom a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Za a dubi wasanni uku: Oppenheimer, wanda BBC ta nuna kashi bakwai a 1980, da Day One na 1989, da Manhattan na 2014 zuwa 2015.

Jigon waɗannan wasanni ɗaya ne, wato zullumin masani wanda iliminsa ya haifi halaka. A wasan BBC, tauraro shi ne Robert Oppenheimer, kuma an bi shi daga sansanin Los Alamos zuwa gwajin farko na 16 ga Yuli, 1945, har zuwa 1954 da gwamnatin Amurka ta janye amincinta daga gare shi. Zubi da tsarin wasan sun ƙayatar.

Sai dai akwai giɓi babba. Mafi yawan yuraniyam ɗin da aka fara aikin da shi daga Shinkolobwe ta ƙasar Kwango aka haƙo shi. Kusan tan 1,200 aka kai New York tun 1940. Amma a wasannin ukun, mahaƙin Afirka bai samu matsayin tauraro ba. An nuna allo da alli, an ɓoye diga da shebur.

Wannan giɓi ba zai ɓoyu ga mutumin Riruwai ta ƙasar Doguwa ba, inda aka daɗe ana haƙar kuza. Ya san cewa tsakanin 1942 da 1944 Turawan mulki sun ɗebi talakawan Arewa aikin tilas a ramukan kuza na Jos saboda wannan yaƙi. Haka kuma gwajin bom da Faransa ta fara a Reggane cikin Sahara a Fabrairun 1960 ya tayar da hankali har Nijeriya ta yanke hulɗa da ita a Janairun 1961.

Saboda haka, labarin ya shafe mu. Wasan Samanja ya nuna cewa Hausa na iya ɗaukar rayuwar barikin soja. Ya rage ga marubutanmu su ɗora mahaƙi a kan dandamali, domin idan ba su yi ba, babu alamar wani zai yi musu.