Hasken da ke Goge Fuska

Da aka turo hotunan bikin 'yar yayana, Hajiya kakarta ta karɓi waya ta kanga a ido, ta jima tana dubawa, sannan ta ce, "Wannan kuma 'yar gidan waye?" Ɗaki ya kwashe da dariya. Ni dai ban dara ba. Yarinyar baƙa ce mai sheƙi, amma a hoton ta koma fara fat, hanci ya narke cikin kumatu, ɗan tabon da ta samu a goshi tun tana rarrafe ya ɓace, farin leshin jikinta ko zare ɗaya ba ka gani.

Yayin da ake ciki ke nan a ƙananan situdiyo. Yaro ya sayi kyamara da fitilu biyu, ya kafa ɗaya dama ɗaya hagu, ya ƙure musu ƙarfi, abin da ya rage ya ƙarasa a kwamfuta. Ka yi magana ya ce haka masu biki ke so. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don al'ummar da ke sayen man bilicin ba za ta ƙi hoton da ya yi mata bilicin kyauta ba. Amma ni ina ganin rabin abin rashin sani ne aka lulluɓe da sunan yayi.

Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara ba ya sanin mutum. Duk abin da ya gani, so yake ya mayar da shi toka-toka, wadda ke maido kashi 18 cikin ɗari na haske. Ango ya shigo da farar shadda, ma'auni ya firgita ya rage haske, fuska ta dushe. Sai ɗan koyo ya ɗauka baƙar fata ce matsalar, ya buɗe wuta. Wannan zargi ma tsoho ne. A shekarun 1950 kamfanin Kodak yana raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, katin Shirley, da shi ake daidaita launi. Ba a waiwayi launuka masu duhu da gaske ba sai da masu cakulan da masu kayan katako suka koka cewa hajarsu ba ta fita a talla. Cakulan, jama'a, ba mutane ba!

Baƙar fata ba yawan haske take nema ba, faɗinsa take so da kuma inda ya fito. Sheƙin da ke kwanciya a goshi da saman kunci shi ke zana ta. Fitila ɗaya ta isa, a sa mata babbar lema, a ajiye ta gefe, ta ɗan ɗara ido tsayi, har inuwar hanci ta bar ɗan haske mai kusurwa uku a ɗaya kuncin, salon da ake kira da sunan Rembrandt, mai zanen nan na Holan. Matso da ita daga mita 2 zuwa mita 1, haske ya ninka huɗu, ya kuma yi laushi. Ɗaya gefen, farin kwali ya wadatar. A cire kyamara daga sarrafa kanta, a tsayar da ita a ISO 100, f/8 da 1/160, sannan a riƙa taɓa ƙarfin fitila kaɗai har saƙar shadda da fatar mai ita su fito tare.

Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, galibi da hasken rana ya yi aiki a tsakar gida, yawanci ɗauka ɗaya tak ga kowane mutum saboda tsadar fim. Dubi matan da ya ɗauka: baƙaƙe wuluk, ga zanen atamfa, ga zobe, ga jijiyar bayan hannu, komai raɗau.

Bayan sati biyu da biki na zaunar da amaryar kusa da taga a ɗakin Hajiya, ƙanenta ya riƙe mini murfin kwalin taliya da muka manna wa farar takarda. Da waya na ɗauka. Hoton ne yanzu a jingine a kan kabad ɗin Hajiya, kusa da kwanukan samira, tabon goshin nan yana nan daram.