A Rage Gindin Bindigar Yara, Amma Ba da Zarto Kaɗai Ba

Wasan harbin faifan yumɓu ya daɗe da shiga hannun matasa a Amurka da Ingila. Gasar makarantun sakandare da aka faro a jihar Minnesota yanzu ta bazu zuwa jihohi da dama, Kim Rhode kuma tana da shekara 17 ta ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. A Ingila ma doka ba ta yanke mafi ƙarancin shekaru na samun takardar izinin bindigar harbin tsuntsaye ba, sai dai wanda bai kai 15 ba dole babba mai shekara 21 ko fiye ya tsaya a kansa. Tunda yaran suna filin, kamfanoni suka soma fito da bindigogi masu gajeren gindi, iyaye kuma suna kai nasu wurin maƙera a rage. Ina ganin wannan yayin daidai ne, kuma hujjarsa ta farko tsaro ce, cin gasa daga baya yake zuwa.

Bindigar manya, daga kunama zuwa ƙarshen gindin da ke zama a kafaɗa, takan kai inci 14 ko fiye kaɗan. Ka miƙa ta ga yaro ɗan shekara 11 ka tsaya ka kalla. Hannunsa na hagu zai miƙe sambal kafin ya kai ga mariƙin gaba, nauyi ya rinjaye shi, sai ya turo ciki gaba ya kwantar da ƙirji baya don ya tallafe ta. Gindin ya sarƙe a hammatar rigarsa, ya ƙare a kan dantse maimakon kwarmin kafaɗa, kumatunsa kuma ba su kwanta a kan katakon ba, saboda haka idonsa bai bi bututun ba. Da ya ja kunama bindigar ta shure shi a inda ba nama, ta doke shi a kumatu. Harbi na gaba zai runtse ido tun kafin ƙara ta tashi, kuma masu horarwa sun san irin wahalar da ake sha kafin a raba maharbi da wannan razana. Abin da ya fi damuna shi ne bakin bindigar: wanda ke kokawa da nauyi ba ya lura da inda yake nunawa. Shi ya sa kamfanin Mossberg ya yi samfurin Super Bantam, wanda gindinsa ke tashi daga inci 12 zuwa 13 ta hanyar ƙara ɗan yanki, kamfanin Remington ma ya yi gajeriyar samfurinsa na 870.

Masu cewa a bar bindigar yadda take ai yaron zai girma, dabarar ɗinkin rigar sallah suke son kawowa, wadda ake saki don ta kai baɗi. Riga mai yawa ba ta cutar da kowa. A shekara biyun da za a jira hannu ya yi tsawo, yaron ya riga ya koyi mummunar tsayuwa, ko ya tsani wasan baki ɗaya. Batun asarar kuɗi kuwa yana da magani: a ajiye guntun katakon da aka yanke, ko a cire gindin asali a adana a sa na roba mai araha, ko a riƙa ƙara yanki-yanki yayin da yaro ke tsawo.

Akwai wata suka da ta fi wannan nauyi, wato duk abin da ya sauƙaƙa wa yaro riƙe bindiga yana jawo yara ne zuwa gare ta. Jihar Kalifoniya ta yi doka a 2022 don hana tallata bindiga ga ƙananan yara, kuma na fahimci tsoron da ya haifar da ita. Sai dai talla daban, awo daban. Fenta bindiga da launin kayan wasa don ta burge ɗan shekara biyar kasuwanci ne, ba na kare shi. Yaron da iyayensa suka riga suka kai fili, mai horarwa na tsaye a bayansa, barinsa da bindigar da ta fi ƙarfinsa bai rage haɗarin komai ba. Wanda ke ganin kada yara su yi harbi sam, da dokar shekaru ya kamata ya yi jayayya.

Inda nake rabuwa da masu ɗokin yayin shi ne zaton cewa zarto ya gama aiki. Yanke gindi yana rage nauyin baya, sai bindigar ta rinjaya gaba, kuma bindiga in ta yi sauƙi shurinta ƙaruwa yake yi in harsashin bai canza ba. In uba ya sayi ƙaramar bindiga mai bututu lamba 20, marar nauyi, ya cusa mata harsashi mai gram 28, zai iya ba ɗansa duka fiye da na babbar mai lamba 12 da aka sa wa mai gram 21. Yankan kuma bai matso da kunama kusa da gajeren yatsa ba, bai ɗaga wurin kwantar da kumatu ga ƙaramar fuska ba. Wannan sai an liƙa matashi a saman katakon. Tsohon awon nan na ɗora gindi a gwiwar hannu a ga ko yatsa ya kai kunama ba abin dogaro ba ne. A sa yaron ya ɗaga bindigar da ba harsashi, cikin rigar da zai yi harbi da ita, a duba ko akwai ratar kamar yatsu biyu tsakanin hancinsa da babban yatsansa. Mai yanka a Amurka kuma ya auna tukuna, don dokar tarayya ba ta yarda tsawon bindigar gaba ɗaya ya gaza inci 26 ba sai da rajista ta musamman.