Malamin ƙauye da littafinsa "Waƙar Hanya"

Sunansa Bibhutibhushan Bandopadhyay. Sunan yana da nauyi ga baki, saboda haka mu ce masa Bibuti. An haife shi a 1894 a yankin Bangal, ƙasar Indiya. Ubansa malami ne matalauci, mai yawo yana ba mutane labaran addininsu don ya sami abin sa wa bakin salati. Bibuti ya yi aikin koyarwa a lakkol shekaru da yawa. Ya rasu a 1950.

Littafinsa na farko ya fito a 1929. Sunansa Pather Panchali, wato Waƙar Hanya. Labarin wani gida ne a ƙauyen Nishcindipur. Akwai maigida Harihar, da matarsa Sarbajaya, da ƴaƴansu biyu, Durga da ƙanenta Apu. Akwai kuma wata tsohuwa, Indir, dangin maigida ce ta nesa, mijinta ya daɗe da mutuwa.

Wurin tsohuwar nan na fi tsayawa. Abinci bai isa ba. Sarbajaya tana ganin duk lomar da tsohuwa ta ci, daga bakin ƴaƴanta aka ɗauke ta. Ta yi ta yi mata gori har ta kore ta. Tsohuwa ta mutu a waje. Wani marubucin sai ya mai da Sarbajaya muguwa ya huta. Bibuti bai yi haka ba. Ya nuna mana ita tana kwana da yunwa, tana ɓoye talaucinta ga maƙwabta. Mai karatu ya ji haushinta, ya kuma ji tausayinta. Wa zai rantse ba zai yi haka ba in rumbu ya ƙare?

Daga baya Harihar ya tafi neman kuɗi, kamar yadda namu ke tafiya cin rani. Ya daɗe. Zazzaɓi ya kama Durga, ta mutu. Uban ya komo da tsarabar zane dominta, bai sani ba.

Littafin ba ya sauri. Sai a yi shafi da shafi yara suna tsintar mangwaro. Mai son faɗa da tsere zai gaji. Ni ban ga laifi nan ba, don haka ranakun ƙauye suke. A 1955 Satyajit Ray ya mai da labarin sinima, ba irin na rawa da waƙa da muka saba gani ba.

Inda nake da ƙorafi shi ne wani littafinsa na 1937, Chander Pahar, wato Dutsen Wata. Labarin saurayi ne da ya zo Afirka. Bibuti bai taɓa taka Afirka ba, cikin littattafan Turawa ya karanto ta. Ga zaki, ga maciji, ga lu'ulu'u, amma mutanen ƙasar da ƙyar ake jin muryarsu. Shi da ya san zuciyar tsohuwa Indir, da ya zo kanmu sai ya ga daji.