Hirar Cikin Lifta: Komawa Mass Effect Bayan Shekaru

Duk wanda ya buga Mass Effect na farko lokacin da ya fito a 2007 ba zai manta da lifta ba. Ka shiga kai da abokan tafiyarka biyu, ƙofa ta rufe, ku yi cirko-cirko kamar an kafe ku. Dabara ce da kamfanin BioWare ya yi don ya ɓoye lokacin da na'ura ke ɗauka tana shirya wuri na gaba, kuma 'yan wasa sun yi ta Allah-wadai da ita. Da aka sake fito da wasannin uku a haɗe a watan Mayun 2021, da sunan Legendary Edition, sai aka sa maɓallin tsallake jiran. Na koma wasan da niyyar dannawa, amma hannuna ya ƙi. A cikin liftar nan ne Garrus, ɗaya daga abokan tafiyar, ke tsare abokiyar tafiyarsa Tali da maganar laifin kakanninta da suka ƙera mutum-mutumin da ya kore su daga duniyarsu. A nan ne Wrex ke yi wa kowa baƙar magana. Ni kuwa, da nake riƙe da jarumin, ba mai ko kallona.

Irin wannan wasa, da mutum ke shiga rigar jarumi yana zaɓar abin da zai faɗa da abin da zai aikata, asalinsa a tebur yake. Dungeons & Dragons, wanda ya fito a Amurka a 1974, abokai ne ke zama su buga da takarda da 'yan ƙwayoyi masu lamba, kowa da nasa jarumin. Da wasan ya koma kwamfuta sai abokai suka ɓace, aka bar mutum shi kaɗai da allo. Abokan tafiyar da marubuta ke ƙirƙira cike gurbin waɗancan ne. BioWare, wanda wasu likitoci uku suka kafa a Edmonton ta ƙasar Kanada a 1995, ya fi kowa naci a wannan fanni. Tun a Baldur's Gate II na 2000 abokan tafiya ke katse maka hanzari da damuwarsu, su yi faɗa da juna, wasu ma su faɗa soyayya da jarumin.

A Mass Effect, bugun farko gudu ake yi. Duniya za ta halaka, kai ne Kwamanda Shepard, hankalinka yana kan ƙarshen labari. A komawa ta biyu ka riga ka san wanda zai ci amana da wanda zai mutu, don haka gaggawa ta ƙare, sai zagaya ɗakunan kumbon Normandy kana gaisawa da mutane. A nan ne na ga ashe na yi wa Mordin Solus gurguwar fahimta.

A Mass Effect 2 na 2010 na ɗauke shi abin raha, likita mai magana da sauri kamar ana binsa bashi. To amma Mordin yana cikin waɗanda suka sabunta cutar da aka jefa wa ƙabilar Krogan, wadda ta sa a cikin haihuwa dubu ɗaya tak ke rayuwa. Ko yaushe aka tambaye shi, lissafi yake kawowa: da ba a yi haka ba, da yaƙi ya cinye kowa. Sai ka raka shi Tuchanka, duniyar Krogan ɗin, neman tsohon ɗalibinsa Maelon. A can ya tarar da gawar wata mace da ta ba da kanta a yi gwajin magani a jikinta, ko ta samu haihuwa. Ya tsaya a kanta, maganarsa ta ragu. Bai ce ya yi kuskure ba. Sai bayan shekara biyu, a wasa na uku na 2012, in ka tsare masa hanya, zai furta da bakinsa, kafin ya hau hasumiyar da zai watsa maganin, inda ya san ba zai sauko ba. Wanda ya san wannan ƙarshen, in ya koma na biyu, zai ji cewa surutun nan da yawansa na mutum ne da ke gudun shiru. Kuma ba Shepard ne ya sauya shi ba. Abin da ɗan wasa zai iya kawai shi ne ya bar shi ya tafi, ko a wasu yanayi ya shawo kansa ya fasa, ko ya harbe shi ta baya.

Ba ko'ina salon ya yi nasara haka ba, gara a faɗa. A Dragon Age: Origins na 2009 kowane aboki yana da ma'aunin yarda da ke hawa da sauka, kuma ana iya ɗaga shi da kyauta. Ka ɓata wa Morrigan rai, ka miƙa mata sarƙar zinariya, lamba ta hau. Oghren kuwa kwalbar giya ta ishe shi. Wannan ciniki ne aka sa masa rigar zumunci. Mass Effect 2 ma bai tsira ba. Kowane aboki yana da buƙata guda, in ka biya masa ita sai wasan ya rubuta shi a cikin amintattu, har a ba shi sabon kaya. A harin ƙarshe, wanda ba a sa ran dawowa, wannan rubutun yana cikin abin da ke raba mai rai da gawa. Ko rigimar abokan tafiya biyu, Jack da Miranda, wadda tushenta azabar da ƙungiyar Cerberus ta gana wa Jack tun tana yarinya, ana kashe ta da jimla ɗaya muddin makin iya bakinka ya kai. Ciwon shekaru ba ya warkewa haka. Soyayyar cikin wasannin ita ta fi kowane sashe wannan rauni: hira uku ko huɗu, zaɓi mai daɗi kowane karo, sai lada a daren yaƙi.

Shi ya sa na fi yarda da alaƙar da ba ta ratsa ta hannun ɗan wasa ba. A Dragon Age: Origins, abokin tafiya Alistair da Morrigan suna tafe bayanka suna yanka wa juna magana, ko ka saurara ko kar ka saurara. A Dragon Age II na 2011, Aveline, jaruma a fagen fama, ta rasa yadda za ta shaida wa wani mai gadi Donnic tana sonsa, kai kuma aikinka ɗan aike ne kawai. A Mass Effect 3, in Shepard bai nemi ko ɗayansu ba, yana iya shiga ɗakin manyan bindigogi ya iske Garrus da Tali sun maƙale da juna, waɗannan dai da suka yi ta cacar baki a lifta. Irin wannan ne ke sa ka ji mutanen suna da rayuwarsu ko bayan ka kashe na'ura.

Sai kuma wani ɗan wuri da na yi wa riƙon sakainar kashi a bugun farko. A Mass Effect 3, ana tsakiyar yaƙi, Garrus ya gayyaci Shepard can saman wani gini a birnin Citadel, inda doka ta hana hawa, don su gwada wanda ya fi iya saiti. Kwalabe ake jefawa sama ana harbi. A harbi na ƙarshe wasan zai ba ka zaɓi: ka samu kwalbar, ko ka kuskure da gangan. Babu wani makami da ke buɗewa, babu ran da ya rataya a kai. A da na harbe ta, don ban ga dalilin faɗuwa ba. Wannan karon na tuna mutumin nan ya biyo ni tun yana ɗan sanda mai ƙorafi, ya rasa yaransa goma a Omega, roka ta ɓata masa rabin fuska, duniyarsu Palaven tana ci da wuta, kuma abin da ya rage masa na tinƙaho shi ne saitinsa. Bahaushe yana da sunan abin da ake yi a irin wannan wuri, kara. Na karkatar da bindigar. Kwalba ta faɗo lafiya lau, Garrus ya ɗaga hannuwa yana shelar cewa nan ne wurin da ya fi so a duk Citadel, Shepard kuma ya ɗora wa iska laifi.